Yadda zaka fara karanta littattafan da ke haɗa ruhi, halayyar ɗan Adam da kimiyya ba tare da kanka ya kulle ba

Akwai wani nau'in littattafai da bidiyoyi da suka cika intanet yanzu, kuma kusan alƙawarinsu ɗaya ne, wai za su ɗauko abin da addini da masu tarbiyyar ruhi ke faɗa, su ɗauko abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano, su ƙara da abin da kimiyya ta auna, su ɗinke maka su wuri guda ka samu hoto ɗaya na mutum da duniyar da yake ciki. Gaskiya abu ne mai jan hankali, don kowa yana ji a jikinsa cewa shi ba gangar jiki ba ne kawai, ba kuma tunani ne zalla ba. Matsalar ita ce yawancin masu sha'awar fannin suna farawa ne da babban littafin da ya haɗa komai, su karanta shafi hamsin kansu ya ɗau zafi su ajiye, ko kuma abin da ya fi wannan muni, su haɗiye duk abin da marubucin ya faɗa tunda ba su da ma'aunin da za su gane inda ya yi gaskiya da inda ya zarce.

Shawarata a taƙaice: littafin da ya ce ya haɗa komai shi ne na ƙarshe da zaka karanta. Farawa da shi kamar fara gini ne daga rufi.

Da farko ka gane abin da ake iƙirari

Tushen ra'ayin ba shi da wuya. Ana cewa abu idan ya haɗu yakan fito da siffar da babu ita a sassansa ɗai-ɗai. Haidirojin iska ce mai kamawa da wuta, oksijin kuma ita ke rura wutar, amma idan suka haɗu sai su zama ruwa. Ƙwaƙwalwarka tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, ka ɗauki guda ɗaya ka duba ta yadda kake so ba zaka ga kewa ko kunya ko tsoron mutuwa a cikinta ba, amma ga shi kai kana jin su. Toh masu wannan falsafa sai suka ce farfasa abu gunduwa-gunduwa don a fahimce shi hanya ce mai amfani ƙwarai, ita ta kawo mana magunguna da injina, amma ba ta isa ta bayyana mutum gaba ɗayansa ba. Jan Smuts, ɗan siyasar Afirka ta Kudu wanda ya taɓa zama firaminista, ya rubuta littafi kan wannan a 1926, kuma zaka ga ana yawan ambatonsa a gabatarwar irin waɗannan littattafai. Zaka kuma ga suna yawan ɗora laifi kan René Descartes, masanin falsafar Faransa da ya rasu a 1650, saboda ya raba tunani daban jiki daban. Wani lokacin ma har zagin ya yi yawa, sai ka rantse shi kaɗai ya ɓata duniya.

Ka lura akwai ƙaramin iƙirari akwai babba. Ƙaramin shi ne irin na George Engel, likitan Amurka da ya rubuta a mujallar Science a 1977 cewa likita ya riƙa duba jikin mara lafiya da halin da zuciyarsa ke ciki da kuma mutanen da yake rayuwa da su, ba sakamakon gwajin jini kaɗai ba. Wannan kusan kowa ya yarda da shi yau, ana koyar da shi a makarantun likitanci. Babban iƙirarin kuwa shi ne cewa duka addinai da duka kimiyya abu ɗaya suke faɗa da yare daban-daban, ko kuma cewa duniya kacokan tana hawa wani tsani zuwa ga wayewar ruhi. Wannan magana ce ta falsafa da imani, ba wanda ya taɓa auna ta. Marubuta da yawa sukan shigo da kai ta ƙaramar ƙofar, kana gyaɗa kai kana cewa haka ne, kafin ka farga sun kai ka babbar.

Fara daga inda ƙafarka take

Kafin ka taɓa littafin kowa, ka san abin da naka addinin ko taka al'adar tunanin ta ce game da zuciya da rai. Dalili kuwa, marubutan nan suna yawan taƙaita addinai a shafi biyu uku, in baka san naka ba ba zaka gane lokacin da aka yi masa gurguwar fassara ba, in kuma ka kama marubuci ya karkatar da abin da ka sani sarai, kaga ka samu dalilin yin taka-tsantsan da abin da ya faɗa kan addinin da baka sani ba.

Musulmi yana da inda zai fara mai kyau. Imam Ghazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, yana da ɗan ƙaramin littafi Al-Munƙiz minad Dalal inda ya ba da labarin yadda shakka ta kama shi, yana tsaka da koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake, a 1095 ya bar kujerar ya fita. Abin da ya sa nake cewa a fara da shi, a ciki ya yi wata magana kan ilimin lissafi da har yau tana aiki, ya ce akwai haɗari biyu: wani zai ga yadda hujjojin lissafi suke daram sai ya ɗauka duk abin da masu lissafin suka faɗa kan Ubangiji ma haka yake daram, wani kuma don kishin addini cikin jahilci zai ƙaryata lissafin gaba ɗaya, ya ja wa addinin raini a wurin wanda ya san lissafin gaskiya ne. Duk karatun da zaka yi a wannan fanni tsakanin ramukan nan biyu zaka bi. Bayan shi ka nemi babin abubuwan mamaki na zuciya a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya bambance ƙalbu da ruhi da nafsu da hankali.

Akwai kuma Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934, ya yi littafi kan gyaran jiki da rai tare, ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, har ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin wani, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba dalili, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana buƙatar magani. Farfesa Malik Badri ɗan Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya fassara sashen rai na littafin zuwa Turanci. Kirista kuma zai iya farawa da littafin ikirarin Augustine, babban malamin Kirista na zamanin da, wanda aka rubuta wajen shekara ta 400, don a nan ma mutum ne ya zauna yana tona zuciyarsa da tunaninsa a gaban Allah. Wanda ba ya bin wani addini shi ma ya zaɓi al'ada ɗaya ya karanta ta daga bakin masu ita, ba daga bakin mai taƙaitawa ba.

Sai ilimin halayyar ɗan Adam, amma na aji tukuna

Nan ne mutane ke ƙosawa. Kowa so yake ya tsallaka wurin Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Siwizalan, da maganganunsa kan mafarkai da alamomi. Ka daure ka fara da littafin gabatarwa irin wanda ake ba 'yan shekarar farko a jami'a, akwai su kyauta a intanet. Ba sai ka karance shi duka ba, ka karanta babin yadda ake bincike, da na ƙwaƙwalwa, da na tunawa da mantuwa, da na ciwukan damuwa da fargaba. Babin yadda ake bincike shi ya fi kowanne gundura kuma shi ya fi kowanne amfani, don shi zai koya maka cewa abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifar da ɗayan, kuma gwajin da aka yi da mutum goma sha biyu ba daidai yake da wanda aka yi da dubu biyu ba.

Ka kuma san cewa fannin kansa yana da rauninsa. A 2015 wata tawagar masu bincike ta sake maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka wallafa a manyan mujallun fannin, wajen kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Saboda haka idan marubuci ya ce maka "bincike ya nuna", tambayarka ita ce wane bincike, mutum nawa, an maimaita?

Daga nan sai William James, Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam da falsafa. In mutum ɗaya zaka karanta a duk wannan jerin, ni dai shi zan ce. Laccocin da ya gabatar a Edinbara ne aka buga a 1902, kan ire-iren abin da mutane ke ji a sha'anin addini, ya tattaro labaran tuba da na addu'a da na waɗanda suka ji kamar an yaye musu wani labule, bai yi musu dariya ba, bai kuma ce duk abin da suka faɗa gaskiya ne ba. Ya ce irin wannan yanayi yana da alamu huɗu: ba ya faɗuwa da baki, mai shi yana jin ya san wani abu ne ba ji kawai ya yi ba, ba ya daɗewa, kuma zuwa yake wa mutum ba mutum ke kawo shi ba. Sai ya yanke wani hukunci da nake ganin ya fi duk abin da aka rubuta bayansa adalci, wato abin da mutum ya ji hujja ne a wurinsa shi, amma bai zama dole a kan wanda bai ji ba. Ya kuma ƙi yarda da masu cewa tunda an gano abin da ke faruwa a jikin mai ibada shikenan an gama da maganar, ya ce ai kowane tunani yana da abin da ke faruwa a jiki lokacin da ake yinsa, har da tunanin mai musun. Turancinsa na da ne, jimlolin dogaye, ka bi shi a hankali.

Viktor Frankl ya fi sauƙi, likitan ƙwaƙwalwa ne daga Biyana wanda ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, littafinsa na 1946 kan neman ma'anar rayuwa gajere ne. Abraham Maslow kuma, masanin halayyar ɗan Adam, an san shi da jerin buƙatun ɗan Adam na 1943 (dalar nan da ake zanawa ma ba shi ya zana ta ba, wasu ne daga baya), abin da ba a cika faɗa ba shi ne a ƙarshen rayuwarsa ya ƙara wani mataki sama da na ƙarshen jerin, cikar kai (mutum ya zama duk abin da zai iya zama), sabon matakin kuwa shi ne mutum ya wuce kansa ya rayu don abin da ya fi shi. Jung ka bar shi sai ka gama da waɗannan, yana da zurfi amma yawancin abin da ya faɗa ba irin wanda ake iya gwadawa ba ne.

Kimiyya: ka koyi yadda take aiki, ka yi hattara da kwantam

Ba a ce ka zama masanin fiziks ba. Abin da kake buƙata shi ne ka gane me ke sa magana ta zama ta kimiyya. Karl Popper, masanin falsafar kimiyya, ya ba da ma'auni a 1934 wanda duk da an yi ta gardama a kansa yana da amfani ga mai farawa: maganar kimiyya ita ce wadda za a iya faɗin abin da in ya faru to ta ƙaryatu. Idan ra'ayi ya dace da duk abin da zai iya faruwa, in ka warke ya ce saboda shi ne, in baka warke ba ya ce baka yi imani sosai ba, toh ko ma mene ne shi ba kimiyya ba ne. Wannan ba ya nufin duk abin da ba kimiyya ba ƙarya ne fa, yana nufin kada a sa masa rigar da ba tasa ba.

Yanzu maganar kwantam. Wallahi babu kalmar da aka ci zalinta a wannan fanni kamarta. Fiziks ɗin kwantam gaskiya ne, ya faro daga aikin Max Planck a 1900, kuma da shi aka ƙera abubuwan da ke cikin wayar da ke hannunka. Yana bayanin halin ƙananan abubuwa ne irin su lantarkon da ke cikin ƙwayar zarra. Inda ake yaudarar mutane shi ne maganar "mai kallo", za a ce maka kimiyya ta tabbatar cewa kallonka ne ke halitta abin da ke faruwa, saboda haka tunaninka zai iya jawo maka kuɗi ko lafiya. A ɗakin gwaji abin da ake nufi da kallo shi ne na'ura ta yi mu'amala da ƙwayar ta auna ta, ko da mutum a ɗakin ko babu sakamakon ɗaya ne. Gaskiya ne wasu manyan masana fiziks sun yi sha'awar sha'anin ruhi, Erwin Schrödinger ya karanta falsafar Indiya sosai, Wolfgang Pauli da ya ci kyautar Nobel a 1945 ya daɗe yana musayar wasiƙu da Jung har suka fitar da littafi tare a 1952. Amma sha'awar masani daban, abin da lissafinsa ya tabbatar daban. Littafin masanin fiziks Fritjof Capra na 1975 shi ya yaɗa kwatanta fiziks da addinan ƙasashen Asiya, ka karanta shi in kana so, amma a matsayin kamance da wani ya hango, kamance kuwa ba hujja ba ne.

Inda kimiyya da kanta ta yarda akwai sauran aiki shi ne tambayar da masanin falsafa David Chalmers ya fito da ita fili a 1995: ko da an gano duk abin da ƙwaƙwalwa ke yi lokacin da ka ga launin ja, me ya sa akwai wani "ji" na ganin jan, me ya sa ba a yin aikin cikin duhu kamar yadda kwamfuta ke yi? Masana sun rabu a kai har yau. Marubucin kirki zai ce maka ƙofar a buɗe take, na banza kuma zai ce tunda a buɗe take to amsarsa ce daidai.

Dabarar harafi uku

Wannan ita ce dabarar da nake ganin ta fi komai amfani, kuma fensir kawai take buƙata. Duk lokacin da marubuci ya yi wani iƙirari, ka sa harafi a gefen shafin. A idan abu ne da aka auna ko za a iya aunawa. J idan abu ne da wani ya ji a jikinsa ya ba da labari. I idan magana ce ta imani ko falsafa. In a waya kake karatu ka yi amfani da launi uku.

Ga misali yadda abin ke kasancewa. Marubuci zai ce: an sa wa masu zaman natsuwa (zama shiru ana tattara hankali wuri ɗaya) na'ura a kai an ga igiyoyin ƙwaƙwalwarsu sun bambanta da na sauran mutane. Wannan A ne, kuma an yi irin wannan gwaji da gaske, a jami'ar Wisconsin an wallafa ɗaya a 2004 da aka yi da mabiya addinin Buddha su takwas waɗanda suka shafe shekaru suna yi. Sai ya ce: masu yin suna ba da labarin cewa sun ji iyakar da ke tsakaninsu da komai ta narke. Wannan J ne, ba mai ƙaryata su, jiki magayi. Sai jimla ta uku: saboda haka kimiyya ta tabbatar da cewa dukkanmu rai ɗaya ne. Tsaya nan. Wannan I ne, kuma "saboda haka" ɗin da ya sa a gabanta na bogi ne, don na'urar ta nuna ƙwaƙwalwa ta canja ne kawai, ba ta ce komai ba kan ko abin da mutumin ya ji haka duniya take. Irin wannan tsalle ana yinsa ta ɗaya gefen ma, wani zai ce tunda an ga inda ke haskawa a ƙwaƙwalwa lokacin addu'a toh addu'a ba komai ba ce sai sinadarai, shi ma I ne ya sa rigar A.

Ba laifi ba ne littafi ya cika da I, littafin falsafa ai dole ya zama haka. Abin da kake farauta shi ne wurin da aka tsallaka daga wani harafi zuwa wani a ɓoye, kuma kusan kullum a kan kalmomin "saboda haka", "wannan ya nuna", "ashe dai" zaka kama shi. Bayan babi biyu uku idonka zai saba, har ka fara gani ba fensir.

Yanzu ka ɗauko masu haɗawar

Wanda aka fi sani a zamanin nan shi ne Ken Wilber, Ba'amurke da aka haifa a 1949, littafinsa na farko ya fito a 1977. Kada ka fara da ƙaton littafinsa na 1995, ka nemi taƙaitaccen da ya fitar a 1996 wanda aka tsara shi kamar tambaya da amsa. Abin da ya fi amfani a wurinsa shi ne taswirar kusurwa huɗu, ya ce kowane al'amari ana iya dubansa ta ciki ko ta waje, a mutum ɗaya ko a jama'a. Ɗauki mutumin da ya kasa barci wata da watanni. Ta cikinsa akwai abin da yake ji, fargaba ko nadama ko jin rayuwarsa ba ta da alƙibla. Ta wajensa akwai jiki, sinadaran damuwa, hasken waya da dare, wani ciwo da bai sani ba. Ta cikin jama'a akwai abin da mutanensa suka ɗauka game da irin halin da yake ciki, ko ana ganin faɗin damuwa rauni ne. Ta wajen jama'a kuma akwai tsarin aikinsa, bashin da ke kansa, ko akwai likitan da zai iya gani. Kaga duk wanda ya riƙe kusurwa ɗaya ya ce ita ce duka ya rage wa mutumin nan hanya. Wannan taswira kam tana aiki ko baka yarda da sauran abin da Wilber ya faɗa ba. Yana da wani gargaɗi mai kyau kuma, cewa kada a rikita abin da bai kai hankali ba da abin da ya wuce hankali don kawai dukansu ba hankali ba ne, wato ruɗun mai ciwo daban, halin wanda ya yi shekaru yana tarbiyyar kansa daban.

Inda ni nake ja da shi shi ne matakan da ya jera na ci gaban wayewa, don duk wanda ya jera addinai da al'ummu a tsani sai ka tarar ra'ayinsa ne a saman tsanin, kuma masu sukarsa sun daɗe suna cewa yana ambaton bincike a dunƙule yana nuna kamar masana sun yi ittifaƙi alhali ba su yi ba. Haka zaka riƙa yi da sauran. Sri Aurobindo na Indiya da ya rasu a 1950 ya gina nasa a kan addinin Hindu, Teilhard de Chardin limamin Katolika ne kuma masanin ƙasusuwan da, ya gina nasa a kan Kiristanci, cocinsa ma ba ta bari an buga babban littafinsa ba sai bayan rasuwarsa a 1955. Kowannensu daga wani gida ya fito, babu wanda ya tsaya a sama yana kallon kowa, saboda haka tambayar farko ga kowane mai haɗawa ita ce daga ina yake kallo, kuma me ya zubar don haɗin ya yiwu. Sau da yawa abin da ake zubarwa shi ne ainihin inda addinan suka saɓa, kamar ko Ubangiji daban yake da halittarsa ko kuwa, wanda ga masu addinin ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma haɗawa ba ita kaɗai ce hanya ba. Ian Barbour, masanin fiziks da ilimin addini, ya kasa alaƙar addini da kimiyya gida huɗu, rikici, ko kowa ya tsaya a filinsa, ko tattaunawa, ko haɗewa. Kana iya gama karatun nan kaf ka tsaya a tattaunawa, ba wanda zai ce ka faɗi jarrabawa.

Tantance littafi kafin ka ba shi lokacinka

Duba bayan littafin ka ga ko ya faɗi inda ya samo maganganunsa, ka zaɓi guda biyu ka bincika ko da gaske haka aka ce. Duba me marubucin ya karanta, digiri a wani fanni ba ya ba mutum izinin yin fatawa a wani. Duba ko akwai inda ya kawo hujjar masu saɓa masa da ƙarfinta. In kowane babi yana ƙarewa da tallar kwas ɗinsa, ko yana cewa likitoci da malamai duk sun ɓoye maka wani sirri shi kaɗai zai faɗa maka, ajiye shi. Haka in ka ji littafi yana ta siffanta ka daidai har kana mamaki, ka tuna gwajin masanin halayyar ɗan Adam Bertram Forer na 1948, ya ba ɗalibansa takarda ya ce bayanin halin kowa ne shi kaɗai, suka ba ta maki sama da 4 cikin 5 wajen dacewa, alhali takarda iri ɗaya ya raba wa kowa.

Yawancin littattafan nan za su ce ka gwada wani abu a aikace, zaman natsuwa ko lura da numfashi ko rubuta abin da ke ranka. Shirin koyar da zaman natsuwa na mako takwas da wani masani Jon Kabat-Zinn ya fara a jami'ar Massachusetts a 1979 an yi bincike da yawa a kansa, yana taimaka wa wasu wajen rage damuwa, amma taimakon matsakaici ne ba mu'ujiza ba, kuma asalinsa daga addinin Buddha aka ciro shi, ya kamata ka san haka ka yanke wa kanka hukunci. Masu bincike a jami'ar Brown sun wallafa a 2017 cewa wasu masu zurfafa irin wannan zama suna gamuwa da firgici da rashin barci da jin kamar sun rabu da jikinsu. In ka taɓa shiga wani mummunan tashin hankali ko kana da ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa, kada ka shiga mai tsawo kai kaɗai, kuma don Allah duk littafin da ya sa ka ji kamar ka ajiye maganin da likita ya ɗora ka a kai, ka je ka yi magana da likitan kafin ka taɓa komai. Akwai kuma abin da masanin halayyar ɗan Adam John Welwood ya yi gargaɗi a kai tun shekarun 1980, mutum ya fake da harkar ruhi don ya guje wa matsalar da ke gabansa, yana maganar haske da zama ɗaya da komai alhali akwai wanda ya ɓata wa rai bai je ya ba shi haƙuri ba.

Wajen tsari kuma, littafi ɗaya a lokaci ɗaya, babi ɗaya a zama, in ka gama babin ka rufe ka rubuta abin da ya ce da bakinka cikin layi biyar, in ka kasa toh baka gane ba ko kuma shi marubucin bai ce komai ba, duka biyun suna faruwa. Ka samu mutum ɗaya da kuke karantawa tare, zai fi kyau ma in ba ra'ayinku ɗaya ba. Duk littafin da ka gama kuma, kafin ka ɗauki na gaba, ka rubuta sunan marubucin a intanet tare da kalmar suka ko raddi, ka karanta mafi ƙarfin abin da aka faɗa a kansa, sannan ka koma kan alamomin fensir ɗinka ka ga ko wuraren da mai sukar ya kama su ne ka sa wa alama ko akwai waɗanda suka wuce ka.